Cokali Ɗaya a Gungun Dinya

Duk wanda ya zauna Tambuwal a shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai ya san Bara'atu mai daddawa. In bai san fuskarta ba, to hancinsa ya san ƙofar gidanta. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, wadda in ka gaya mata ɗaya za ta mayar maka da uku tun ba ka rufe baki ba. Amma a bazarar nan bakin nata ya mutu, don mijinta Na'Allah ya bar cin abinci.

Na'Allah tsohon matuƙin kwalekwale ne. Shekara ashirin da shida yana ƙetarar da Turawa zuwa Gungun Dinya, wani tsibiri a tsakiyar gulbi can gaba da Kebbe, inda suka gina barikin hutu don harbin tsuntsayen ruwa da shan iska. Da ƙarfi ya ja baya sai suka tattaro suka dawo Tambuwal, gidan wansa. Nan zazzaɓi ya kwantar da shi wata guda. Zazzaɓin ya tafi, amma bai tafi shi kaɗai ba, ya haɗa da cin abincinsa.

Da fari fita zaure ya bari, inda maza ke haɗa akushi. Sai Bara'atu ta riƙa kai masa ɗaki. Ta durƙusa ta ajiye, ta fita, ta saki asabari, kamar yadda uwarta ta koya mata. A gidan da aka haife ta, mace ba ta kallon bakin miji yana tauna, ba ta kuma kai loma a gabansa. Shekara talatin da biyar da aure, ba ta taɓa ganin yadda mutumin nan yake ci ba. In ta dawo ɗaukar akushi, sai ta tarar an gutsure gefen tuwo kaɗan, kamar ɓera ya ɗanɗana ya ji bai yi masa ba.

Babu abin da ba ta gwada ba. Ta yi dambu, ta yi farfesun kan akuya, ta tare Fulani tun a bakin gari ta sayo kindirmon da ba a sirka ba. An sha rubutu, an jiƙa saiwa. Shi dai Na'Allah yana zaune jingine da bango, hannunsa na dama cikin riga kamar mai jin sanyi, wuyansa kullum sai ƙara tsawo yake yi.

Ga kuma Ummu, maƙwabciyarta, wadda tun da aka ɗauki ɗanta Sama'ilu akawu a hukumar En'e ta fara tafiya kamar ƙasa na binta godiya. Ta leƙo ta kan danga ta ce, "Sannu Bara'atu. Ya mai jiki? Ni dai na ji an ce in namiji ya ƙi tuwon gida, ba ciki nai ad da ciwo ba, hannun mai tuƙi ne yat tsufa."

Da a da ne, da Ummu ta kwana tana tsintar maganganu a jikinta. Ran nan Bara'atu ta ce, "Da sauƙi," ta ci gaba da tankaɗe.

Wata ranar Laraba ta ɗauko akushi kamar yadda ta kai shi, sai ta ƙi fita. Ta zauna a bakin ƙofa.

"Malam, wai mi kaka so? Ka faɗa min ko naman giwa ne in tafi dawa."

"Ba ni son komi."

"Babu mai rai da ba shi son komi. Ko jinjiri ya san nono."

Da ya ga ba ta da niyyar tashi, sai ya ce, yana kallon rufin ɗaki, "To, abincin barikin Gungu nika so. Wanda Turawa ka ci bisa teburi. Shekara ashirin da shida ina shaƙar ƙamshi nai daga bakin ruwa."

Ya faɗa ne irin yadda ake ce wa yaro a kawo wata a faranti. Amma bai san da wa yake magana ba, ko kuwa ya manta.

Ranar kasuwar Kebbe, Bara'atu ta hau motar 'yan koli da kwandon daddawarta. Ta san kowace kasuwa Ɗangiwa, kukun barikin, yana fitowa cefane. Ta same shi a rumfar masu albasa, ya ƙara tumbi, yana matsa kowace albasa kamar mai neman ɓarawo.

"A'a! Matar sarkin ruwa! Ina mutumina?"

Ta gaya masa komai. Ta ce ta ji an ce tun da aka sauya tuta, ɗan ƙasa ma yana iya shiga ta ƙofar gaba ya zauna a ba shi.

"Haka ne," in ji Ɗangiwa. "Ƙofa a buɗe take, aljihu ne ka rufe ta." Ya faɗa mata abin da ake biya na cin dare, mutum guda. Bara'atu ta dafe ƙirji.

"Wanga ai kuɗin akuya ne da ɗanta! Zinari kuka barbaɗawa?"

"Ba abincin aka saye ba, uwar ɗaki, zaman aka saye."

Suka ja gefe ƙarƙashin tsamiya aka buɗe ciniki. Ɗangiwa ya ce na rana bai kai na dare tsada ba, don ba a kunna fitilu. Ya ce yanzu bazara ce, zafi ya kori baƙi, manaja da kansa ya sassauta. Ya ce in ta kawo zabinta da man shanunta, zai cire su daga ciki. Bara'atu ta ce ta ji. Ta ɗora da cewa ai shi ma ta san ba abincin Turawan yake kwana da shi ba, in ya gama yi musu nasu tuwo yake tuƙawa a bayan kicin, kuma tuwo ba ya tafiya sai da daddawa. Ɗangiwa ya leƙa kwandon, ya shaƙa, ya lumshe ido. A nan cinikin ya faɗa. Abin da ya rage ta biya, ƙullin bakin zanenta ya ɗauke shi, ko da yake bai bar ko anini ba.

"Na mutum nawa za a shirya?" in ji shi.

"Ɗaya mana. Ni mi ya kai ni teburi? Ina kicin wurinka."

Da ta koma ta gaya wa Na'Allah an gama magana, Lahadi za su, sai ya zaro ido kamar an ce masa alkali na kira. Ya ce hanya ba kyau. Ya ce rigarsa ta tsufa. Ta ce ta riga ta biya, kuma ba a mayarwa. Wannan ya rufe masa baki, don Na'Allah mutum ne da ko gishiri ya zube sai ya tsince.

Suka yi sammako. Mota ta girgiza su har Kebbe, jaki ya kai Na'Allah bakin gulbi, ita tana biye da zabi biyu a kwando da ɗan tulun man shanu. Ruwa ya ja baya ko'ina, amma gurbin da ya kewaye gungun yana nan cike, kore shar. Wani ƙaton Bakabe, cikin Kabawan nan masunta, shi ne yanzu ke riƙe da kwalekwalen. Na'Allah ya zauna yana kallon yadda yake tuƙi, bakinsa na motsi, har ya kasa daurewa.

"Kai ɗan nan, ka bi ta hagun dutse. Nan akwai juyi."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da Bara'atu ta ji daga bakinsa cikin wata biyu ba tare da an tambaye shi ba.

Gungun kuwa, sai wanda ya gani. Itatuwan mangwaro da giginya, inuwa kamar an zuba, iska na tasowa daga ruwa ta kowane gefe. Farin gida mai baranda, an jera tukwanen furanni marasa amfani, ba a ci ba a sha. Na'Allah ya nufi ƙofar baya kamar yadda ƙafarsa ta saba, sai da Bara'atu ta jawo bakin rigarsa ta juya shi ƙofar gaba. Wani dattijon Bafulatani mai farar riga da jan ɗamara, Jumare, wanda shi ke kai abinci teburi tun zamanin Turawa, ya tare shi. Sun san juna sarai, sun sha raba goro a bakin ruwa. Amma yau Jumare ya ƙame, ya ce, "Ranka ya daɗe, bismilla," ya ja masa kujera.

Bara'atu ta zagaya kicin. Tana shiga Ɗangiwa ya ce, "Kin yi sa'a, yau baƙo ɗaya ne kawai ban da ku. Wani akawun En'e, ɗan garinku ma. Sama'ilu."

Duk faɗin Jihar Arewa a rasa wanda zai zo sai ɗan Ummu! Ta ce a ranta, to, mene ne? Mijinta ya zauna inda ɗan Ummun ke zama. A je a faɗa.

Ta zauna kan turmi, ta ba tagar da ke kallon ɗakin cin abinci baya. Ɗangiwa ya zuba romon albasa a wani faranti mai zurfi, ya yaryaɗa masa madara, Jumare ya ɗauka ya fita yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Aka jima. Jumare ya dawo da farantin yadda ya tafi da shi.

"Bai taɓa ba."

Ɗangiwa ya jefar da ludayi. "Romon da Razdan ka aiko masinja a ɗaukar mai? Je ka tambayo shi mi aka yi mai!"

Jumare ya je ya dawo, yana cije leɓe don kada dariya ta ɓata masa aiki. "Ya ce ya ga miya, tuwon yaka jira."

Ɗangiwa ya yi dariya har da riƙe tumbi. Bara'atu ma ta yi, ta ji wani sanyi a ranta: ashe jira yake yi, ba ƙi ya yi ba. Aka ɗumama romon, Jumare ya mayar, da bayanin cewa wannan shan ta ake yi da cokali, tuwon Turawa sai can gaba.

To, a nan ne Shaiɗan, ko kuwa wani mala'ika, ya taɓa Bara'atu a ƙeya. Ta biya kuɗin nan, ta sha rana, ta yi asarar zabi biyu. Ta ji ba za ta iya zama ta jira labari daga bakin Jumare ba. Ta ce astagfirullah, ta tashi, ta sa ido ɗaya a gefen taga.

Ga shi can shi kaɗai a gaban farin ƙyalle, cokula da wuƙaƙe sun kewaye shi kamar kayan wanzami. Ya dubi Sama'ilu, ya ga yana karatun jarida. Ya dubi Jumare, ya ga ya juya baya. Sannan a hankali ya zaro hannun dama daga cikin riga. Ya ɗauki cokali, ya ɗebo. Daga faranti zuwa rabin hanya lafiya lau. Yana doso baki sai hannun ya kama rawa, yana kaɗawa kamar ganye, cokalin na bugun iska. Romon ya watse a ƙyalle, ya zuba a gemunsa. Ya sake gwadawa, ya tallafe da hagu, ita ma hagun ta ɗauka. Ko ɗigo bai kai ba. Ya ajiye cokalin a hankali don kada ya yi ƙara, ya jawo ɗan ƙyallen goge baki ya rufe inda ya ɓata, ya mayar da hannun cikin riga. Ya tura farantin gaba.

Bara'atu ta janye ido daga tagar. Ashe yunwa mutumin nan yake ji. Wata biyu yana jin yunwa a bayan asabarin da ita da hannunta take saki.

"Mi kika gani?" in ji Ɗangiwa.

Ta gyara ɗaurin kallabi, ta goge hannu a zane, ta tura ƙofar da ba a taɓa ganin mace ta bi ba. Takalminta na fata yana ƙara a kan siminti. Sama'ilu ya sauke jarida. Ta san gobe war haka Tambuwal kaf ta ji, har da ƙarin gishiri. Ta ja kujerar da ke gefen mijinta, kujerar ta yi kuka, ta zauna a bakin-bakinta kamar mai zaman kan ƙaya.

Na'Allah ya ce ƙasa-ƙasa, "Ke, lafiya? Tashi, ana kallo."

"Na gani, Malam."

"Kin ga mi?"

"Na leƙa."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Hannun da yar riƙe filafili shekara ashirin da shida. Yau loma ta fi ƙarfi nai. In bari yaran gida su gani? In bari ke ki gani?"

"Shi ya sa kac ce abincin bariki?"

"Na ce haka ne don ki ƙyale ni. Wa ya san za ki je?"

"Ai ka sani yanzu."

Ta ɗauki cokalin, ta ɗebo, ta kai masa baki. Ya kau da kai. Ta bi shi, ya sake kaucewa, idonsa na kan Sama'ilu.

"Ni jinjiri ne, da za a ba ni a gaban sa'an ɗan cikina?"

Bara'atu ta tsaya da cokali a sama. Ta gane kunya ce ta toshe masa baki, kuma kunya ba ta jin lallashi. Sai dai in an rufe ta da wadda ta fi ta girma. Ta ce bismilla, ta juyo da cokalin, ta zuba a nata bakin, a gaban mijinta, a gaban ɗan Ummu, a gaban Jumare. Ta haɗiye da ƙarfi har ana ji. Fuskarta ta yi zafi kamar ta leƙa murhu.

"To, ga shi. Tawa ta fi taka. In an tashi faɗi, da ni za a fara, kafin a zo kanka an gaji." Ta lashe leɓe, ta yamutsa fuska. "Kuma ba yaji."

Wani abu ya kuɓuce wa Na'Allah, rabi tari rabi dariya. Ta ɗebo ta miƙa. Ya buɗe baki.

Haka aka yi ta yi, ɗaya gare shi, ɗaya gare ta, har farantin ya ga ƙasa. Jumare ya matso yana gyaran murya.

"Uwar ɗaki, ka'ida dai na mutum ɗaya anka biya."

"Faranti nawa ka kawo?"

"Ɗaya."

"Cokali nawa muka riƙe?"

"Ɗaya."

"To, je ka kawo na gaba."

Jumare ya duba ka'idarsa ta shekara talatin sama da ƙasa, bai ga inda aka ƙidaya baki ba. Ya kwashe ya tafi.

Aka kawo tsokar giwan ruwa fara sol, ba ƙaya ko ɗaya, an matsa mata lemun tsami. Bara'atu ta ce kifin da aka cire wa ƙaya ai an cire masa mutunci, amma ba ta bar ko ɓarɓashi ba. Aka kawo zabonta, ta kusa ba ta gane shi ba: an gasa shi da man shanu ya yi ja, an kwantar da shi kan dankalin Turawa da aka kirɓa kamar sakwara. Ba za a ce Ɗangiwa ya ƙara hannu ba, amma ba a taɓa ganin zabo guda mai cinya huɗu ba sai ran nan. Ta dubi wuƙa da cokali mai yatsu, ta ture su gefe, ta wanke hannu ta yayyage naman. A nan ta ga abubuwan da ba ta sani ba. Ashe da gefen hagu yake tauna. Ashe yana lumshe ido in abu ya yi masa daɗi. Ashe fata yake so, ita kuwa shekara talatin da biyar tana cire masa fata tana ba yara.

"Don mi ba ka taɓa faɗi ba?"

"Na zaci ke kika cinyewa."

Sai ga na ƙarshe, wani abu rawaya na ƙwai da madara, an kifa shi a ɗan faranti, ƙonannen sukari na gangarowa. Jumare na ajiyewa abin ya kama kaɗawa. Na'Allah ya dube shi da kyau.

"Wanga ma ciwona gare shi."

Bara'atu ta yi dariyar da har tsuntsaye suka tashi daga kan mangwaro. Shi kuwa ya zaro hannunsa da kansa, ya ɗora a kan teburi a fili. Ta kama wuyan hannun ta riƙe gam, ta sa masa cokali. Da nauyin hannunta a kai, rawar ta ragu. Rabi ya zube, rabi ya isa. Ya ce a bar shi ya sake.

Sama'ilu ya gama nasa ya miƙe. Ya zo wucewa ta gabansu ya rage tsawo ya gaishe su, idonsa a ƙasa.

"Sannu Baba. Sannu Inna."

"Yawwa ɗan nan," in ji Bara'atu. "In ka isa gida kafin mu, ka gai da uwarka. Ka faɗa mata duk abin da kag gani, kada ka rage. Ka ce har da ƙashi ya tauna."

Bayan azahar suka yi salla a inuwa, Na'Allah ya miƙe a tabarma ƙarƙashin mangwaro, ciki ya ɗago riga, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Bara'atu ta koma kicin ta tsare Ɗangiwa sai ya nuna mata yadda ake abin nan mai rawa. Ya ce sirrin aiki ne. Ta ce daddawarta ma sirri ce. Ya nuna mata.

Da la'asar Bakaben ya kawo kwalekwale. Suna tsakiyar ruwa Na'Allah ya yi gyatsa, ya yi hamdala, ya juyo.

"Gobe mi za ki tuƙa?"

"Mi kaka so?"

"Na dawa. Da kuɓewa ɗanya. Ki sa yaji, mutanen ga ba su san yaji ba." Ya ƙara da cewa, "Ki zubo da yawa. Na mutum biyu."